Faifan da Ilyasu Ya Hana Aro

A unguwar su Ilyasu, wadda ke gangare wajen tabki, maza ba su saba cin tuwon dare a cikin gida ba. Da an sallame magariba kowa zai fito da kwanonsa gindin bedin da ke tsakanin gidan Ilyasu da na Alhaji Gambo, a baza tabarma, a jera kwanuka, a ci na wannan a koma na wancan. Ciyayyar nan ta girmi Ilyasu. Ubansa Garba da Alhaji Gambo ne suka fara ta tun suna sababbin magidanta, kuma da Garba ya rasu ya bar yaro ɗan lakwal, wato makarantar boko, Alhaji bai bar gurbinsa haka nan ba. Ya jawo hannun yaron ya zaunar da shi a gefensa. Tun daga ranar, duk sa'ad da aka yi miyar kifi a gidan Alhaji, sai ya sa yatsa ya tura tsakiyar kifin gaban Ilyasu, ya ce shi kai ya fi so, tsoka ba ta da ɗanɗano. Kowa ya san ba haka ba ne, amma ba wanda ya taɓa tanka masa.

Alhaji Gambo mai motocin kaya ne. Wake da gujiya yake kwasa ya tsallaka da su Jibiya da Katsina, ya dawo da duk abin da kasuwa ta ce a dawo da shi. Mutum ne mai faɗa da kyauta, kuma duka biyun da ƙarfi yake yin su. Tsaninsa, amalankensa, babbar tukunyar biki ta gidansa, duk sun fi kwana a gidajen mutane fiye da nasa. Abin da ya tsana a duniya shi ne ya ji an je neman abu gidan wani an dawo hannu rabbana.

Shi kuwa Ilyasu, da ya girma ya yi iyali, sai Allah ya yi shi da wani irin tsantseni da har yakan ba mutane haushi. In ya manta ya taho gida da bik, alƙalamin wurin aiki, a aljihu, ko sunansa ba ya rubutawa da shi sai ya mayar. Yana aiki a biro, wato ofishi, na wani furoje, shirin da ke taimakon masu lambu na bakin tabki. Su suka tura shi Yamai ya koyo aiki da ordinatar, na'urar nan mai ƙwaƙwalwa, kuma da aka kawo guda biyu biron, shi aka damƙa wa su.

Ita ordinatar, in ba a zuba mata tsarin da ke tuƙa ta ba, akwatin ƙarfe ce kawai. Ka danna duk abin da za ka danna, ba za ta san da zamanka ba. Tsarin da ke cikin na biro sunansa Windows, kuma a kan faifai yake zuwa, ɗan ƙarami mai walƙiya. Ranar da shugabar biron ta miƙa wa Ilyasu faifan, ta yi masa bayani dalla-dalla, don mace ce da ba ta son maimaita magana. Ta ce kamfanin da ya yi shi bai sayar musu da shi ba irin sayar da akuya, da in ka biya sai ka yi yadda ka ga dama da abinka. Izini ya ba su su yi aiki da shi a cikin na'urorin nan biyu kaɗai. Ba a kwafarsa, ba a ba da aronsa. Ta tambaye shi ko ya yi mata alkawari, ya ce ya yi. Ya kulle faifan a durowa, bai ƙara tuna shi ba.

Sai ga Firdausi, 'yar autan Alhaji, ta gama koyon aikin sakatare a Maraɗi. Ta nemi aiki har takalminta ya suɗe, ba ta samu ba. Alhaji ya ce ba zai zuba ido ilimin ɗiyarsa ya ruɓe a ɗaki ba, zai buɗe mata shagon buga takardu, tun da duk mai son takardar neman aiki ko katin biki a nan garinsu Madarumfa sai ya hau mota ya tafi Maraɗi. A daminar 1999 ya sayo ordinatar ta hannu a Katsina, ya ɗauko ta a gaban mota lulluɓe da bargo, yana yi wa direba tsawa duk inda aka shiga rami. Aka jona ta da kuran, wato wutar lantarki, aka kunna. Ta rubuta layi ɗaya a fuskarta ta tsaya cik. Firdausi ta duba ta ce mai ita na farko ya share komai kafin ya sayar, babu tsari a cikinta.

A wurin ciyayya Alhaji ya kawo maganar, gaban kowa.

"Ɗan Garba," in ji shi yana gutsurar tuwo, "injin ƙanwarka anka ce babu komi cikinshi. Gobe ka taho da faifan nan naku na biro ka zuba mata."

Ko kai bai ɗaga ba, don a wurinsa wannan ba roƙo ba ne, kamar a ce miƙo buta ne. Mai dabara da sai ya ce to, in gari ya waye ya lallaɓa ya sami dattijon shi kaɗai ya yi masa bayani. Amma bakin Ilyasu bai iya cewa to a kan abin da ya san ba zai yi ba.

"Baba, wanga faifai ba a ba da aronshi."

"Ba a mi?"

"Ba namu ba ne duka. Izini anka ba mu, na injin biro kaɗai."

Alhaji ya ajiye lomar da ya ɗauka. "Tsaya in tambaye ka. In ka zuba mata, naku na biro ƙarewa zai yi?"

"A'a."

"Ragewa zai yi?"

"Ko kaɗan."

"To ai wuta ce ke nan! Matarka in ta shigo gidana ɗiban wuta, murhuna mutuwa yake yi? Tun da anka haihe ka, ka taɓa jin gidan da anka hana wuta cikin garin ga?"

"Na yi alkawari, Baba."

"Ga wa?"

"Ga shugabarmu. Ita kuma ta yi wa masu shi."

"Masu shi suna ina?"

"Amirka."

"Sun san akwai wani gari wai shi Madarumfa?"

Wani ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye abarsa. Ilyasu ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi har yana jin zafi a kunnuwansa, amma bai canza magana ba. Alhaji ya jawo ruwa ya wanke hannu a hankali, ya rufe kwanonsa ya ɗauka.

"To, Mushe Ilyasu," ya ce. "Allah shi ba mu haƙuri."

Mushe lakabi ne na Faransanci da ake kiran ma'aikatan boko da shi, kuma bai taɓa kiransa haka ba sai ranar. Kashegari aka baza tabarma, kwanon Alhaji bai fito ba, haka ma ranar da ta biyo. In sun haɗu a masallaci Ilyasu ya gaishe shi, yana amsawa tsaf, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, babu abin da ya rage daga gaisuwar baƙo. Wannan ya fi zagi yi wa Ilyasu ciwo. Sauran mutanen ciyayya suka koma cin tuwo da sauri kamar masu jiran mota.

Ba wai faifan ya gagari Alhaji ba ne. Kowa ya san a kasuwar Kano ana sayar da kwafin irinsa a ɓoye, da araha ma. Amma duk garin ba wanda ya iya zuba shi a na'ura sai Ilyasu, Alhaji kuwa ya rantse ko allura ba zai ƙara nema a wancan gidan ba. Saboda haka ordinatar ta zauna a shago rufe da atamfa, Firdausi tana zuwa ta kakkaɓe mata ƙura ta koma gida.

A cikin gida ma Ilyasu bai sami sauƙi ba. Matarsa Atika ta dawo daga maƙwabta wata safiya fuskarta a murtuke.

"Baban Nana, yau kunya ta hana ni shiga aron turmi gidan Alhaji. Na kai ƙofa na juyo."

"Ba su hana ki ai."

"Na sani. Shi ya sa na kasa shiga." Ta dube shi. "Su waɗanda ka yi wa alkawarin, in ka kwanta ciwo, su ka zuwa gaishe ka?"

Da abin ya dame shi, sai Ilyasu ya tafi wurin liman. Liman ya fara da tambayar ko abin na ci ne ko na sawa, kuma sai da aka daɗe ana bayani kafin ya gane cewa abu ne da ake ɗiba bai ragu ba. Ya shafa gemu. Daga nan ya ce alkawari abin tambaya ne ranar lahira, haƙƙin maƙwabci ma haka, kuma shi bai ga wanda zai ce a yar ba. Ilyasu ya je da kaya biyu yana fatan a sauke masa ɗaya, ya dawo da su duka.

Da la'asar yakan gangara bakin tabki ya zauna yana kallon masunta suna gyaran koma. Yakan ce wa kansa, mutanen da suka haɗa tsarin nan sun yi shekaru suna fama, suna da iyali, kuma wanda ya saƙa koma yana da ikon cewa ga yadda za a rabu da ita. Sai wata zuciyar ta ce masa, ai koma in ka ba da ita ta bar hannunka, wannan kuwa ka ba da shi kana riƙe da shi. Ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, ba gefen da ya faɗi. Abin da ya fi damunsa shi ne bai iya cewa Alhaji ya yi kuskure ba. Ya yi kewar dattijon ƙwarai, har da faɗansa.

Bayan girbi biro ya tura shi taro Yamai. A can ya haɗu da Usman, wanda suka koyi aikin na'ura tare, yanzu yana kula da na'urorin wata babbar makaranta. Suna shan shayi Ilyasu ya kwashe labari ya gaya masa. Usman ya yi dariya har da buga cinya, ya jawo durowa ya fito da wani faifai da ya zo manne a bangon wata mujallar Faransa.

Ya ce sunan wannan Linux. Wani ɗalibi ne ya fara shi can wata ƙasa mai sanyi, ya sake shi a fili, mutane daga ko'ina suka riƙa sa hannu, kowa ya gyara abin da ya gani ya mayar cikin taro. Ba a rufe cikinsa ba. Duk mai so ya buɗe ya karanta yadda aka haɗa shi, ya canza abin da bai yi masa ba.

"To wa zan yi wa alkawari?" Tambayar farko da Ilyasu ya yi ke nan.

"Kai dai ba ka canzawa," in ji Usman. "Sharaɗinshi guda ne. Wanda ka ba, kada ka ɗaure mishi hannu, shi ma ya ba wanda ya so. Amma in gaya maka gaskiya, jaki ne mai ƙarhi da bai saba da amalanke ba. Za ka yi zuhwa."

Akwai takardar sharaɗin a cikin mujallar, da ƙananan baƙaƙe irin waɗanda ba mai karantawa. Ilyasu ya karance ta tas a cikin motar Maraɗi, wasu wuraren ma ya maimaita.

Ya sami Alhaji a ƙofar gida yana duba tayar mota. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa faifan da hannu biyu.

"Baba, ga wanda babu alkawarin kowa bisa kanshi. Na ba ka, naka ne."

Alhaji ya juya shi gaba da baya. "Na banza ke nan, tun da babu mai tsaronshi."

"Ba na banza ba ne. Masu shi ne sunka ce a ba kowa."

"Shagon na Firdausi ne, Mushe. Ka tahi ka same ta."

Bai yi godiya ba, amma bai mayar da faifan ba. Ilyasu ya ɗauki wannan a matsayin izini.

Usman bai yi ƙarya ba. Kullum in Ilyasu ya tashi daga biro sai ya zarce shagon, shi da Firdausi su zauna gaban baƙar fuska mai fararen baƙaƙe, tana yi musu tambayoyin da ba su san amsarsu ba. Da hoto ya fara fitowa, a karkace ya fito. Da suka daidaita shi, sai injin buga takarda ya ce bai san zance ba: a tura masa wasiƙa, ya amayo shafi cike da alamomin da ba na kowane harshe ba. A nan Ilyasu ya yarda a ransa cewa na biro ya fi daɗin sha'ani. Ka jona abu, ya gane shi, aiki ya tafi. In ya gagara akwai wakilai a Yamai da za a buga wa waya. Wannan kuwa ba ka da wanda za ka kira. Abin da kake da shi kawai bayanan da ke cikin faifan, waɗanda wasu bayin Allah da ba ka sani ba suka zauna suka rubuta, wasu da Faransanci, mafi yawa da Ingilishi. Firdausi ta aro ƙamus tana bin su kalma-kalma.

Sai dai akwai wani abu da suka lura da shi a hankali. Duk inda abin ya cije, akwai wurin da za a buɗe a leƙa. Umarnin da ke gaya wa injin bugawa yadda zai yi, rubutu ne ƙarara da mutum zai iya karantawa. Firdausi ta canza layi ɗaya ta gwada, bai yi ba. Ta mayar, ta canza wani. Takardun da suka ɓata sun isa a kunna murhu da su har sati. Wata ranar kasuwa, Ilyasu yana shigowa ya tarar da ita tsaye riƙe da katin sunan wani jariri daga ƙauyen Safo, ya fito fes, tana dariya ita kaɗai.

Shago ya fara aiki. Ba wai gardama ta ƙare ba. In an kawo mata rubutu daga wani biro a ɗan faifan ajiya, wani lokaci sai ya buɗe a warwatse, dole ta sake bugawa daga farko, tana mita: "Yaya Ilyasu, da irin naku ne da tuni na gama." Amma ta san cikin na'urarta kamar yadda ta san madafar gidansu, kuma in ta tsaya ba ta aika a kira kowa.

Ilyasu ya sa rai cewa ranar da shago ya buɗe, kwanon Alhaji zai fito. Bai fito ba. Alhaji ya gaya wa masu tambaya cewa abin da ya roƙa daban, abin da aka kawo masa daban. Ba faifai ne ya tsaya masa a rai ba, a'a ɗin nan ce da aka ce masa gaban jama'a, daga bakin yaron da ya girma a hannunsa. Ilyasu ya fara sabawa da cin tuwo yana kallon wurin da ba kowa.

Ana nan sai maganar Sa'idu ta taso. Sa'idu tsohon direban Alhaji ne, wanda ya ajiye masa makulli ana tsakiyar kakar wake ya je ya sayi tasa motar, abin da Alhaji bai taɓa yafewa ba. Sa'idu ya ga yadda mutane ke layi a shagon Firdausi, shi ma ya sayo ordinatar ta hannu don matarsa ta buɗe irinsa a bakin tasha. Ya ji labarin akwai faifan da ba a hana kowa, ya zo da sallamarsa har zauren Alhaji neman aro. Alhaji ya ce ya dawo gobe. Yana fita, Alhaji ya karɓe faifan daga hannun Firdausi ya jefa a adakarsa ya datse da kwaɗo, sannan ya ce mata ta gaya wa Ilyasu yana nemansa.

Wannan ne kira na farko tun ranar da aka ɗauke kwano. Ilyasu ya zo bayan la'asar. Ya tarar da Alhaji zaune kan buzu, makullin adaka a hannunsa yana juyawa.

"Faifan ga da ka kawo," in ji Alhaji ba tare da ya dube shi ba, "ba ya da takarda irin ta naku? Wadda ta ce kada a ba kowa?"

Nan take Ilyasu ya gane inda aka dosa. Firdausi ta riga ta gaya masa zuwan Sa'idu.

"Shina da takarda, Baba. Amma ba ta hana ba."

"Ka karanta da kyau?"

"Har ƙarshe."

Alhaji ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. "To ta tilasta? Ta ce dole in ba duk wanda ya yi sallama?"

Ilyasu ya ga hanyoyi biyu a buɗe gabansa, kuma kowacce tana iya dawo masa da kwanon nan. In ya ce ya tuna akwai wani layi da ya hana, Alhaji zai ji daɗi, ya sallami Sa'idu da hujja, su koma kamar da. In ya ce ta tilasta, Alhaji zai ba da faifan yana zagin takarda, girmansa bai taɓu ba. Ba wanda zai je ya bincika. Ya so ya yi ƙaryar nan, ya so ƙwarai, don ya gaji da zaman maraici a gindin bedi. Bakinsa ne dai ya sake ƙi.

"Ba ta tilasta ba. In ka so ka ba da, in ka so ka kulle abinka. Abin da ta ce kawai, wanda ka ba, ba ka hana shi ya ba wani."

"Wato babu wanda zan ce shi ya hana ni."

"Babu, Baba."

Daga waje ana jin wata mota tana gwada ƙaho a tasha.

"Sa'idu zai raba wa Firdausi masu zuwa shago biyu," in ji Alhaji.

"Zai raba."

"Ita ta sha wahalar gane shi. Shi ya zo ya ɗauka a dahe."

"Haka ne."

Alhaji ya ɗago ya dube shi, karo na farko. "Ran nan na ce maka wuta ce."

"Ka ce, Baba."

"Ashe ita wutar ma, in tsire kake gasawa kana saidawa, sai ka ji ba ka son a hura wata kusa da kai. Yau na san abin da masu faifanku ke ji." Ya yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba. "Kai ka hana ni don ka ba wani bakinka, kuma ko kobo ba ka ci ba. Ni in na hana Sa'idu, mi zan ce? Babu kowa bayana sai baƙin cikina."

Alhaji ya ci gaba da juya makulli a hannunsa, can ya ce masa ya tashi ya tafi, zai yi tunani. Ilyasu ya fito bai san ko ya gyara ko ya ƙara ɓatawa ba. Ya fi zaton ya ƙara ɓatawa, don ya daɗe da sanin cewa mutum ba ya yafe wa wanda ya gan shi a tsaye babu mafaka.

Da aka sallame magariba ya fito da kwanonsa kamar kullum. An baza tabarma, an fara buɗe kwanuka, sai ƙofar gidan Alhaji ta yi ƙara. Ga shi ya fito da kansa, riƙe da kwano da hannu biyu, yana tafe yana faɗa tun daga nesa cewa wa ya baza tabarmar nan a karkace. Mutane suka yi ta gyara zama, kowa yana yi kamar bai ga wani abin mamaki ba.

Ya tsaya a kan Ilyasu. "Gobe in ka tashi biro, ku tahi kai da ƙanwarka ku zuba wa wancan marar kunyar. Na tambaye ta, ta ce a ba shi, kuma ita ta san inda injin bugawa ke gardama, kada matarshi ta ɓata takardu a banza." Ya zungure shi da gwiwa. "Matsa mini, ɗan Garba. Kai kaɗai ka cinye tabarma."

Ilyasu ya matsa. Alhaji ya zauna da nishi, ya buɗe kwano, ƙamshin miyar kifi ya tashi. Ya yi bisimilla, ya sa yatsa ya tura tsakiyar kifin gaban Ilyasu.

"Ci," ya ce. "Ni kai na hi so."

Ilyasu ya sa hannu ya ɗauka. Daɗi ya cika masa ciki, ya ci a hankali, ƙwalla tana neman hana shi ganin ƙaya.